Kifin Teku Ya Shanye Ƙanƙarar Kiru

Ranar da azumin bana ya shiga goma ta wuya na dawo gida da kula babu komai a cikinta sai iska mai ɗumi, kuma kifi ne ya jawo mini. Ba kifin Tiga ba, wannan bawan Allah bai taɓa yi mini laifi ba. Kifin teku nake nufi, mai ofis, mai ma'aikaci, mai motar kansa.

Bari in fara da Gwaggo Kaltume, domin saboda ita aka yi duk abin da aka yi. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Dangora tun ina rarrafe. Likita ya ce shekarunta sun ba ta uzuri, liman ma ya ce ta ciyar kawai, ta ce duk su biyun yara ne, a gabanta aka yi musu aski. Azuminta take yi, kuma ba ta ɗora wa kowa wahala. Ba ta neman nama, ba ta neman kankana. Abu ɗaya ta roƙe ni: in an kira magariba ta sami kofin ruwa mai sanyi, irin wanda zai sa 'yan haƙoran da suka rage mata su yi tsami. In ta sha wannan sai cikinta ya buɗe ta ci abinci. In ba ta sha ba, sai ta kurɓi kunu sau biyu ta ture kwanon. Kun kuwa san zafin bana, ruwan randa ma kamar an ɗora shi a murhu aka manta.

Wuta ta yi mana sallama tun kafin a ga wata, don haka duk mai son ƙanƙara a yankinmu sai ya dangana da Kiru, wurin Bature, mai manyan firiza da janareta. Ƙanƙarar Bature ba ta gama daskarewa sai la'asar. Kowa ya san haka, har jarirai. Kullum da an idar da sallah nakan hau acaɓar maƙwabcina Mainasara, in rungume kula, mu tafi.

Ran nan mun tarar da layi har bakin titi. Ga masu zoɓo, ga masu kunun aya, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga dattawa masu 'yan buhunan dusa da za su naɗe ƙanƙara a ciki. Bature ya buɗe firiza ta farko, tururin sanyi ya tashi, layi ya yi ajiyar zuciya tare. Sai ga wata farar a-kori-kura ta kunno kai, ta yi baya-baya har bakin ƙofa. Aka yi ta loda ƙulli bayan ƙulli. Firiza ta farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare, ta uku ma aka yashe ta. Mota ta tashi tana ɗigar da ruwa a hanya. Bature ya juyo yana goge hannu a riga.

"Jama'a, a yi haƙuri, ta ƙare. Daga yau cibiya ta kama duka."

"Wace cibiya?" na tambaye shi.

"Ta kifi."

Na juya in ga yadda layi zai ɗauki maganar. Wani dattijo ya ninke buhunsa ya ce, "Allah ya kyauta." Na bayansa ya ce, "Amin." Shi ke nan, taro ya watse. Mutum ya fi hamsin, kowa da baki, kowa da ƙishirwa, amma babu wanda ya tambayi wane irin kifi ne yake shan ƙanƙarar gari guda.

Na ce da Mainasara, "Bi motar nan."

Ya ce, "Farfesa, ƙanƙara ce fa. Ko ka samu narkewa za ta yi." Farfesa yake kirana tun da na gama karatun kimiyyar halittu na dawo gida ina koyarwa, kuma ba yabo yake nufi ba.

"Bi ta, na ce."

Ɗigon ruwan ya kai mu wani sabon gini mai shuɗin fenti a bayan gari. Na sha wuce shi ina zaton wurin biki ne. Ashe sunansa Cibiyar Kusanto da Teku ga Manoma. Ku sake karantawa, ni ma sai da na karanta sau biyu. Shugabanta, Mai Girma Garkuwan Kifaye, Allah ya ƙara masa zurfi, ya taɓa zuwa wani otal a ƙasar waje ya ga kifaye masu launi a cikin gilashi, sai tausayin manomanmu ya kama shi. Ya ce bai dace a ce mutumin Ba'awa ya rayu ya mutu yana noman dawa bai taɓa haɗa ido da kifin teku ba. Wannan hangen nesa ne, jama'a. Nesan ma har ta wuce Legas.

A zauren shiga na ga abin. Tankin gilashi ne, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, an ajiye shi jikin wata ƙatuwar taga mai kallon yamma, domin masu wucewa su gani su ƙaru. Gaskiya kifayen suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Akwai ruwan ɗorawa, akwai shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, akwai wani ɗan ja mai farin ɗamara. Amma duk ka haɗa su ba za su yi wa mutum ɗaya miya ba. Kuma ko wanda bai yi boko ba zai gane ba su da lafiya, duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu jiran a kira sallah.

Mai kula da su kuwa Ghali ne, wanda muka yi sakandare tare, yanzu shi ne Jami'in Walwalar Kifi. Na same shi yana yaga leda da wuƙa yana jefa ƙanƙara cikin tankin, tsulum, tsulum.

"Nazifi! Kai ne? Ya ibada?"

"Ibada alhamdu lillahi. Ghali, me kake yi haka?"

"Sanyaya musu nake. Dubi nan." Ya nuna mini ma'aunin zafi da ke manne da gilashin. Digiri talatin da uku. "Takardar da ta zo da su ta ce ashirin da biyar zuwa da shida suke so."

"Babu injin sanyaya ruwa ne?"

"Akwai mana, ga shi can ƙasa, sabo fil. Wuta yake so."

"Janareta fa?"

"Sai Oga yana nan ake tayarwa. Oga kuwa ya tafi Umara."

Na tsaya ina kallo yana ta jefawa. Ma'aunin ya fara sauka kamar guga a rijiya. Talatin, ashirin da biyar, ashirin. Bai tsaya ba sai a goma sha takwas. Kifayen da ɗazu suke haki a sama suka gangara ƙasa suka lafe a bayan dutse, ko motsi babu.

"Ka gani?" in ji Ghali. "Sun samu natsuwa."

"Sun sandare dai! Ghali, ashirin da biyar aka ce maka."

"To ai shi ne. Da rana talatin da uku, da yamma goma sha takwas. Haɗa ka raba biyu, ba kai ne gwanin lissafi a ajinmu ba? Ashirin da biyar da rabi. Kullum haka nake kai rahoto, kuma kullum ana yaba mini."

Wallahi sai da na dafa bango. Da wannan lissafin, in ni na ci tuwon mutum biyu da sahur, Mainasara bai ci komai ba, to duk mun ƙoshi. Kuma kada ku yi wa Ghali dariya shi kaɗai, domin da irin wannan lissafin ake gaya mana cewa talaka yana cikin walwala.

Na ce, "To me ya hana ka sa musu kaɗan-kaɗan tun da hantsi, kafin ruwan ya yi zafi?"

Ya dube ni kamar na zo daga wata ƙasa. "Da azumi? Wa ya taɓa ganin ƙanƙara da hantsi? Sai la'asar take fitowa. Su ma su yi haƙuri su jira kamar kowa."

"Ledar fa, me ya sa kake yagawa? Ruwan rijiya ne a ciki, yana tsinka musu gishirin."

"Haba Nazifi, baƙi ne fa, daga uwa duniya. A gidanku ana miƙa wa baƙo ruwa a ƙulle?"

"To yaya kake gane gishirin ya yi daidai?"

"Kafin azumi ɗanɗanawa nake yi. Yanzu kuwa ina azumi, kuma kafin magariba an tashi daga ofis. Na tambayi malam ya ce mai girki tana iya ɗanɗanawa ta tofar, amma ni ba girki nake ba. Don haka da ido nake zubawa." Ya jawo wani ƙullin gishirin miya daga aljihun tebur ya watsa musu dintsi guda.

A nan zan ɗan tsaya in yi aikina na malami, ko da ba a tambaye ni ba. Kifin nan daga teku mai ɗumi aka kamo shi, inda ruwan safe da na yamma kusan ɗaya ne, na bana da na bara ma haka. Jikinsa ba ya riƙe zafin kansa kamar namu, yadda ruwa yake haka jininsa yake. In ruwa ya yi zafi iskar da yake shaƙa a ciki sai ta ragu, shi ya sa yake haki a sama. In kuma ka sauke zafin gaba ɗaya a lokaci guda, ka yi masa abin da ya fi zafin muni. Ba sanyi yake nema ba, zama a wuri ɗaya yake nema. Kuma hanyar ba ta da wuya. A janye tankin daga taga. A buɗe murfin. A sami 'yar fankar sola tana kaɗa saman ruwan. In rana ta take a saka gorar ruwa daskararra guda ɗaya ko biyu, a rufe, in ta narke a canza. Ƙanƙarar da za a ci a yini ba za ta cika bokiti ba. Sauran ta koma wa masu azumi.

Ghali ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, sai dai in ga Yallaɓai Mai Riƙo, wato wanda Oga ya bar wa kujera. Na same shi ya miƙe ƙafa a kan darduma yana jan carbi da hannu ɗaya, yana latsa waya da ɗayan. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, domin Gwaggo ba ta yi renon banza ba. Ya saurare ni har ƙarshe, idonsa a lumshe.

"Samari, ka yi karatu, ana gani. Fankar nan da kake faɗa, guda nawa ce?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya buɗe ido ya dube ni da tausayi. "Ɗaya. To ai ɗaya ba a kafa mata kwamiti. Abin da kuma ba a kafa wa kwamiti ba, ta ina zai shigo?"

"In kawo tawa daga gida, yallaɓai. Kyauta."

"Subhanallahi. Kayan waje a ofishin hukuma? In ta faɗa ruwa wa za a tuhuma?"

"To a matsar da tankin daga taga."

"A nan Mai Girma ya yanke ƙyalle. Hoton yana nan a bango. In ya dawo ya ga tanki ba ya inda hoto ya ce, ni zan yi bayani ko kai?"

"Yallaɓai, tsofaffi suna buɗa-baki da ruwan zafi a gari."

"Ai ladansu ya fi yawa," in ji shi, ya mayar da idonsa ya lumshe.

Na fito ina huci. Mainasara yana zaune a kan babur a inuwa yana fifita da hula. Ya ce, "Yaya, Farfesa, an ba ka kifin ko an ba ka ƙanƙarar?" Na haye bayansa na ce ya ja mu tafi gida.

Abin da ke ci mini rai ba Mai Girma ba ne. Shi aikinsa yake yi, kuma ya iya. Masunta suna nan a Tiga, kifinsu yana lalacewa kafin ya isa kasuwa saboda babu wurin sanyaya shi, ba a kusanto musu da komai ba. Mai tumatir a Tudun Wada yana kallon kwandonsa yana zama miya tun a bakin titi. Mutumin Doguwa ma yana da nasa kukan. Duk an tsallake su an je an ɗauko teku. Wannan na saba. Abin da ban saba ba, kuma ba na fatan in saba, shi ne mu. A kwashe ƙanƙarar gari a gaban idonmu, mu ce Allah ya kyauta, mu ninke buhu. Ni ma na yi imani Allah ne mai kyautawa. Amma shi ne ya ba mu ƙafa da baki, kuma ban ji inda aka ce a ajiye su sai bayan sallah ba.

Da magariba na miƙa wa Gwaggo ruwan randa, na ba ta labari. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Shi kifin, azumi yake?"

"A'a, Gwaggo."

"To me ya kai shi layin masu azumi?" Ta ture kwanon kunu. "In ya mutu ka ce su aiko mini, in ga ko ya fi tarwaɗa."

Dariya muka yi, amma ƙosai ɗaya ta ci ta ce ta ƙoshi.

Kwanakin da suka biyo baya babu inda ban buga ba. Na je Kwanar Dangora, kafin in isa an raba. Na je har Bebeji na samo ƙulli biyu, kafin mu iso gida sun zama ruwan wanke hannu. Gwaggo kuwa kullum tana ƙara ramewa kamar kara. Ta daina fita asham, sai ta yi a zaune a ɗaki. Na ce ta ajiye azumin ko na kwana biyu, ta ce in na ƙara faɗa za ta gaya wa mutane shekarun da na kai ina fitsarin kwance. Kowace la'asar ina komawa wurin Bature ko Allah zai sa, kowace la'asar farar mota tana riga mu.

Ana nan sai Ghali ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Nazifi, sun tafi fa."

"Su wa?"

"Baƙin. Shuɗin ne ya fara, sai mai ɗamara. Yau da safe na tarar da na ƙarshen ya juya ciki sama."

Na tausaya musu, har ga Allah. Ba su suka kawo kansu ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, a guje na je na gaya wa Gwaggo yau akwai ruwan sanyi. Da la'asar na isa wurin Bature da fara'ata, na shiga layi, aka buɗe firiza. Sai ga farar mota tana baya-baya.

Na tare direban. "Malam, kifin ai ya mutu!"

"Ni ba kifi aka ce in ɗauka ba, ƙanƙara aka ce."

Na kira Yallaɓai Mai Riƙo a lambar da Ghali ya ba ni, na buɗe muryar wayar yadda kowa a layin zai ji.

"Ranka ya daɗe, an ce kifaye sun mutu."

"Wa ya ce?"

"Tankin babu kowa, yallaɓai."

"Samari, a hukumance kifin nan yana da rai. Mai Girma ne ya ƙaddamar da shi, shi kaɗai ne zai iya amincewa da mutuwarsa, kuma sai bayan sallah zai dawo. Ita kuwa ƙanƙara an riga an amince da ita har ƙarshen wata. Kana so in bar ruwan hukuma ya yi zafi?"

Ya kashe waya. Na ga dattijon nan na rannan ya fara ninke buhunsa, na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar da na sani. Na riga shi.

"Baba, don girman Allah kada ka faɗa. Jama'a, ba faɗa za mu yi ba, ba jifa za mu yi ba. Layi muka zo, ko ba haka ba? To ƙanƙara ta tashi daga nan. Mu bi ta mu yi layin a inda take."

Maza suka fara kallon ƙasa. Wani ya ce hukuma ce fa. Wani ya ce yana da tafsiri. Sai wata mata mai suna Maijidda, mai sayar da zoɓo daga Ba'awa, ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta ɗora kula a ka.

"Ni zoɓona kullum tsami yake yi ina zubarwa. In ruwan da babu kowa a ciki ya fi 'ya'yana, to a faɗa mini a gabana. Ɗan nan, wuce mu je. Ku kuma mazan ku tsaya ku tsare wa Bature inuwa."

Ban san ko kunya ce ko ƙishirwa ba, amma kafin ta kai bakin titi layin duka ya bi bayanta. Matan Fulani da ƙorensu, dattawa da buhunansu, 'yan acaɓa suna tafe a hankali a gefe. Har Mainasara, yana tuƙi yana cewa, "Farfesa, in aka kama mu, ni haya ka ɗauke ni."

Muka isa cibiya muka jeru tun daga ƙofar zaure har waje, kowa da kularsa a gabansa. Babu ihu, babu zagi. In akwai abin da aka koya mana muka ƙware a ƙasar nan, to layi ne. Ghali ya fito da wuƙar yaga leda a hannu, ya gan mu, ya koma da baya. Labulen ofishin Yallaɓai Mai Riƙo ya motsa. Muka ji muryarsa yana waya, yana "ranka ya daɗe" yana ƙarawa. Na ce a raina yau ko dai 'yan sanda, ko dai gaskiya.

Ashe akwai ta uku. Can sai ga shi ya fito cikin babbar riga, fuska kamar an yi masa albishir. Bayansa ma'aikata biyu suna riƙe da wani farin ƙyalle, fentin jikinsa ko bushewa bai yi ba: Shirin Sanyaya Zukatan Al'umma, Ƙarƙashin Jagorancin Mai Girma Garkuwan Kifaye. Ban san inda suka samo mai hoto ba. Ban san inda maroƙi ya ɓullo ba, amma ga shi nan yana kirari.

"Jama'a," in ji Yallaɓai, "Mai Girma yana ƙasa mai tsarki, amma zuciyarsa tana Kiru. Ya ji halin da kuke ciki na zafi, ya ce daga yau har sallah a raba muku ƙanƙara kyauta!"

Aka ɗauki kabbara. Dattijon nan mai buhu har da ƙwalla. Aka fara rabo, kowa sai ya ɗaga ƙullinsa sama ya yi murmushi a ɗauke shi hoto kafin ya wuce. Maijidda ta karɓi nata ta ce a ƙara mata biyu na zoɓon da ta zubar, aka ƙara, ta ƙi ɗagawa ta ce hannunta yana ciwo.

Na ce da Mainasara, "Kana gani? Ƙanƙararmu ce fa. Da dukiyarmu aka saye ta, aka hana mu, yanzu kuma mu ne da godiya."

Ya ce, "Farfesa, da saye kake yi, yau kyauta aka ba ka. Kai wai me zai faranta maka rai a duniya?"

Abin da zai faranta mini rai shi ne ranar da za mu karɓi abinmu ba tare da maroƙi ba. Amma rana ta yi ƙasa, kuma akwai tsohuwa tana jira. Da layi ya zo kaina na karɓa. Mai hoto ya ce in yi murmushi, na ce azumi nake. Muka kama hanyar Dangora, Mainasara yana gudu kamar an biyo shi, ni kuma na rungume kula kamar jariri.

Ana kiran sallah ina fasa ƙanƙara a kofin silba. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla, ta sha har sai da ta runtse ido ta dafe kunci. Ta miƙo aka ƙara. Daga nan ta jawo kwanon kunu da kanta, ta share shi, ta bi da ƙosai, ta tambaya ko akwai sauran dankali. Da ta gama ta ce a ɗauko mata mayafi, yau da ƙafarta za ta je asham.

"Wa ya ba mu, in yi masa addu'a?"

"Kifin ne ya mutu, Gwaggo."

Ta ɗaga hannu. "To Allah ya ba mai kifi haƙuri. Ya kuma hana shi sayo wani."

Na shafa da ƙarfi, har sau biyu. Sai dai Ghali ya raɗa mini a wurin rabo cewa an riga an aika a kawo sababbi, kuma sai cikin sanyi za su iso. Takardar ta ce a wannan lokacin, ɗumama musu ruwan za a riƙa yi, injin ɗumamawar kuwa shi ma wuta yake so. Don haka masu shayin Kiru da Bebeji, har ku na Tudun Wada da Doguwa, ni dai na faɗa muku tun da wuri: kowa ya nemi sarƙa ya ɗaure butarsa.